An Sayi Manhaja, An Toshe Mata Baki

Makon jiya wani dattijo, dillali a kasuwar shanu ta Mubi, ya same ni hularsa a hannu. An rufe asusunsa, kuɗin mutanen da suka ba shi amanar shanu daga Kamaru suna ciki, ga ranar kasuwa ta matso. Ya ce, "Ɗana, me na yi wa gwamnati?" Na ce, "Baba, katinka yana hannun wa?" Ashe yana hannun ɗan ƙaninsa mai POS. Wata huɗu yaron yana karɓar kuɗin mutanen da bai taɓa gani ba ta asusun Baba, miliyan 4 da dubu 900 yau, haka gobe, su kwana su fice, har wanda aka damfara ya kai ƙara.

Raina bai ɓaci sosai ba sai da aka kira ni in duba manhajar ƙaramin bankin da asusun Baba yake. Mai gyaran kwamfuta aka ɗauko don araha, ya kwafo saitin wani banki na Legas ya liƙa. A garin da dillali ke juya miliyoyi kafin azahar, ga 'yan canjin sefa, kowa sai ya zama abin zargi. Jar alamar gargaɗin manhajar ta yi yawa, manaja ya ce a kashe, ana ɓata wa alhazai rai. Aka bar iyakar miliyan 5 kaɗai. Ƙa'idar tara kuɗin da aka gutsuttsura babu. Mutum uku kalmar sirri ɗaya, mai shigarwa shi ne mai amincewa. Haba jama'a! Bayanan Baba kuwa tun ranar buɗe asusu ba a sake taɓa su ba.

Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ba ta ɓoye komai ba: abin da ya haura miliyan 5 na mutum ko 10 na kamfani a kai rahotonsa ga NFIU, hukumar bin diddigin hada-hadar kuɗi, cikin kwana 7, abin zargi kuwa cikin awa 24, ko nawa ne. Irin wannan sakacin ne ya sa FATF, ƙungiyar duniya mai yaƙi da halasta kuɗin haram, ta sa wa Najeriya ido daga Fabrairun 2023 zuwa Oktoban 2025. Da an kai rahoto a watan farko, da ba a kai ga kuɗin amana ba.

Masu ƙananan bankuna, ku auna haɗarin Mubi kafin ku saita komai. Kada ku kashe jar alama, ku gyara ta, ku rubuta dalili da sunan wanda ya gyara. Kowa da kalmar sirrinsa. Ku daina ba waɗanda ba su ƙware ba wannan aiki. Na sake faɗa, kada ku kashe jar alama.

Iyayenmu kuma, asusu ba keke ba ne da ake ara. Har yau Baba yana bin masu shanu da ban haƙuri.