SAKARIN BA SUKARI BA NE

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa sayen zoɓo ko kunun zaƙi a leda ranar kasuwa, ka sha ka ji zaƙi ya yi yawa, can baya kuma wani ɗaci-ɗaci ya tsaya maka a maƙogwaro? To, da wuya in ba sakarin aka sa ba.

Sakarin wani farin gari ne, wani lokaci ƴan ƙwayoyi ƙanana. A masana'anta ake haɗa shi, ba a rake ake samun sa ba. Wani masani mai suna Fahlberg ya gano shi a Amurka a shekarar 1879. Zaƙinsa ya ninka na sukari kamar sau 300. Shi ya sa masu sana'a ke son sa. Abin da kwalin sukari zai yi, ɗan ƙullin sakarin ya yi shi da kuɗi kaɗan. Ni ban ga laifin mai kunu ba ƙwarai. Sukari ya yi tsada, mu kuma masu saye ba mu son a ƙara mana ko dala.

Sakarin yana da ƴan'uwa. Akwai asfatam, akwai sikilamat, akwai sukuralos. Su ake sawa cikin garin lemo na ƴan fakiti, da cingam, da lemon kwalba wanda aka rubuta ba sukari a jikinsa.

Abu na farko da za ka riƙe shi ne: sukari abinci ne, sakarin ba abinci ba ne. In ka sha shayi da sukari kafin ka tafi gona, jikinka zai ƙona sukarin ya ba ka ƙarfi. Sakarin kuwa harshe kaɗai yake ruɗi. Yadda ya shiga haka yake fita cikin fitsari, bai bar maka komai ba.

Ke uwar yara, nan ne maganar ta fi shafar ki. Cikin yaro ƙarami ne. In ya cika shi da ruwan zaƙi na leda, sai ki ba shi fura ko tuwo ya kau da kai. Ke kina ganin ya ƙoshi, alhali ruwa da launi ne a cikinsa. A ƙasarmu ta Dakoro mun san tamowa, ba labari aka ba mu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muke ce wa OMS, ta faɗa a shekarar 2023 cewa kada a ba yaron da bai kai shekara 2 ba irin wannan zaƙi. Kunun yaro, a sa masa ƙuli-ƙuli ko garin gyaɗa ko nono. In za a zaƙaƙa, ɗan sukari kaɗan ya isa. Zuma ma sai yaro ya cika shekara 1.

Ga kuma wani wurin da kuskure ke iya kisa. Yaro na zawo, asibiti da nisa, babu fakitin maganin zawo a gida. An koya mana haɗa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ka san amfanin sukarin nan? Ba don daɗi aka sa shi ba. Shi ne yake jan gishiri da ruwa daga hanji zuwa cikin jini. In aka sa sakarin a madadinsa, ruwan zai yi zaƙi, amma ba zai yi aikin ba, yaro zai ci gaba da bushewa. Haka mai ciwon sukari da magani ya yi masa yawa, ya fara karkarwa da gumi da jiri. Sukari na gaske ko dabino yake bukata nan take.

Za ka ce, to sakarin guba ne? A'a, in an sa daidai awo ba guba ba ne. A shekarun 1970 an ba ɓeraye shi da yawa ƙwarai, wasu suka kamu da ciwon daji na mafitsara. Hankalin mutane ya tashi, har Amurka ta sa a riƙa rubuta gargaɗi a jikin kwali tun daga 1977. Daga baya aka gane jikin ɓera daban ne da na mutum, aka cire gargaɗin a shekarar 2000. Asfatam kuma, a watan Yuli na 2023 masu binciken ciwon daji na OMS suka sa shi cikin abubuwan da ake zargi, amma hujjar ba ta yi ƙarfi ba, ba a hana shan sa ba.

Sai dai akwai awo. Mu yi lissafi tare, tun da mun iya. In aka raba giram 1 gida 1000, kowane kashi sunansa miligiram. Masanan OMS sun ce kowane kilo 1 na nauyin mutum, kada sakarin ya wuce miligiram 5 a rana. Mai kilo 60, nasa miligiram 300 ke nan, kusan abin da yatsu biyu ke tsunkula. Yaro mai kilo 15 fa? Miligiram 75. Yanzu ka tuna mai kunu. Tana da ma'auni? Da ido take zubawa, kuma yaro na iya shan leda uku kafin la'asar.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne garin da ake ƙullawa a leda ba suna, ba kwanan wata. Fari ne, shi ke nan. Wa ya san ko mene ne? A watan Maris na 2021 an yi rashi a Kano. Mutane sun sha lemon da aka haɗa da wani gari da aka sayar da sunan ɗan tsami. Suka kama amai da fitsarin jini. Gwamnatin jihar ta ce mutum 10 sun rasu, wajen 400 sun kwanta asibiti. Hukumar NAFDAC ta auna garin, ta ce ba ɗan tsami ba ne, wani sinadari ne mai guba. Wannan ba sakarin ba ne, gaskiya. Amma kaya da yawa na kasuwanninmu ta Maraɗi suke zuwa daga can, kuma farin gari duk kama ɗaya gare shi.

Masu ƙiba da ke shan irin wannan zaƙi don su rame, OMS ta ce a watan Mayu na 2023 ba ya rage ƙiba in an daɗe. An ma lura masu yawan shan sa shekara da shekaru sun fi kamuwa da ciwon sukari da na zuciya, ko da yake ba a tabbatar shi ne sanadi ba. Wanda ya riga ya kamu da ciwon sukari, wannan magana ba ta haɗa da shi ba. Shi ya je asibiti ya bi abin da likita ya ce.

Yanzu da ka iya karatu, in ka sayi garin lemo juya fakitin ka duba bayansa. Rubutun ƙanana ne, kuma da Faransanci ko Turanci, amma lamba ba ta da yare. E954 sakarin ne. E951 asfatam ne. E952 sikilamat, E955 sukuralos. Ka duba kwanan watan lalacewa. Gobe in Allah ya kai mu, kowa ya zo aji da fanko ɗaya na garin lemo, mu karanta su tare a allo.