Idan Mai Fyaɗe Ya Fito Daga Gidan Yari

Kada a bari wanda kotu ta ɗaure kan fyaɗe ya dawo unguwa salin-alin kamar wanda ya dawo daga cin rani. Dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane ta 2015 ta tanadi rajistar masu wannan laifi, hukumar NAPTIP ta buɗe ta a Nuwamban 2019, Bauchi kuma ta kafa tata dokar a 2020. A shigar da sunansa. A sanar da mai unguwa da 'yan sandan yankin kafin ya iso.

Kada a ba shi gadin makaranta, ko koyarwa a Islamiyya, ko ɗaukar yara a Keke Napep. Mai shagon da ya ja yarinya 'yar talla bayan kanta bai dace ya sake zama inda masu farantin gyaɗa ke wucewa ba, a kasuwar Wunti ne ko ta Muda Lawal.

'Yan majalisarmu, ku duba munduwar lantarki da ake ɗaura wa irin waɗannan mutane a idon sawu, mai nuna inda suke dare da rana. Jihar Fulorida ta Amurka ta wajabta ta a 2005, bayan wani tsohon mai laifi ya kashe yarinya 'yar shekara 9. Koriya ta Kudu ta fara a 2008. Amma kada ku sayo ta don a ga kun yi aiki. Munduwar nan caji take sha, kun kuwa san halin wutarmu. Tana faɗin inda mutum yake, ba ta faɗin abin da hannunsa ke yi. A Koriya ma, a Agustan 2021, wani ya kashe mace yana sanye da munduwar, ya yanke munduwar, ya kashe mace ta biyu. Ku fara tanadar jami'in da zai tashi cikin dare idan ta yi ƙara, sannan a kafa sharaɗin da umarnin alƙali.

Iyaye, kada ku karɓi kuɗin sulhu. "A rufa asiri" ita ce ke miƙa masa yarinya ta gaba, kuma ina rantsuwa wannan kalma ta fi komai ƙona min rai.

Matasa, kada ku ɗauki gora ko fetur. Wanda aka kora da duka unguwar da ba a san shi ba yake komawa. Idan kun gan shi yana shawagi a ƙofar makarantar yara, ku kai rahoto ofishin 'yan sanda a ranar, ku tabbatar an rubuta.