Ƙarin Desmoyid: Tsakanin Wuƙar Likita da Gashin Haske

A Sharaɗa da Challawa da Bompai, inda ma'aikata suke dakon fatu da buhuna, ba abin mamaki ba ne mutum ya ji ƙullutu a kafaɗa ya ce targaɗe ne. Sau da yawa haka ɗin ne. Amma ƙullutun da ya yi tauri, yake ƙara girma wata bayan wata, ya wuce aikin mai ɗori ko wanzami. Ɗaya daga cikin abubuwan da likita zai bincika shi ne ƙarin desmoyid.

Masani Bajamushe Johannes Müller ne ya raɗa masa wannan suna a 1838. Yana tsirowa daga tantanin da ke ɗaure tsoka, musamman a ciki da kafaɗa da cinya. Cikin mutum miliyan ɗaya, kimanin 2 zuwa 4 yake kamawa a shekara, mata sun fi yawa. Tushensa sauyi ne a ƙwayoyin halitta, ko da yake a wasu mutane yakan biyo bayan rauni ko tiyata ko juna biyu.

Bambancinsa da sankara shi ne ba ya yin ƙaura zuwa huhu ko hanta. Sai dai yana kutsawa cikin tsoka da jijiya kamar saiwar ƙiri-ƙiri. Saboda haka ko an yanke shi yakan sake tohowa, tunda da wuya wuƙa ta kwashe dukkan saiwoyin.

A nan gashin haske yake shigowa. Na'ura tana harba haske mai ƙarfi wanda ke hana ƙwayoyin ƙarin hayayyafa. Akan raba shi kaɗan-kaɗan, kwana 5 a mako, har mako 5 ko 6, domin lafiyayyen nama ya riƙa farfaɗowa. Yana iya barin tauri a gaɓa, shi ya sa ake takatsantsan da shi ga yara.

A 2020 ƙwararru suka daidaita cewa matakin farko shi ne sa ido da hoton MRI, don wani ƙarin yakan tsaya ko ya motse da kansa. A 2023 kuma Amurka ta amince da maganin sha mai suna nirogacestat.

Mai irin wannan ƙullutu ya nufi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Ƙashi na Dala, a ɗebi ɗan nama a gwada kafin a yanke shawara.

Tambaya ga ɗalibai: me ya sa cire ƙarin desmoyid ba ya tabbatar da warkewa?