Binciken Ciwon Daji Ga Masu Wankin Ƙoda

Masu wankin ƙoda sun fi sauran mutane fuskantar haɗarin ciwon dajin ƙoda, mafitsara, hanta da bakin mahaifa. Raunin garkuwar jiki, ciwon hanta nau'in B da C, da ƙullutun ruwa da kan tsiro a ƙodar wanda ya daɗe yana wanki, duk suna ƙara haɗarin.

Wanda ke jiran dashen ƙoda ana yi masa cikakken bincike, mata kuma a haɗa da gwajin mama da na bakin mahaifa. Ga tsoho mai tarin cututtuka, likita kan auna amfanin gwajin tukuna.

Jini a fitsari, ramar da ba dalili, ko ciwon kwiɓi mai naci, alamu ne da ake kai wa likita ba tare da jinkiri ba.