Kalmar "Mind" da Abokan Tafiyarta

Babban mutum da ya fara koyon Turanci a ajin yaƙi da jahilci yakan ɗauka cewa kowace kalmar Turanci tana da takwara guda a Hausa, da ya haddace su bibbiyu shi ke nan ya iya. Dabarar takan yi aiki a kan sunayen abubuwa, kamar ruwa da littafi da kujera. Amma da zarar an zo maganar abin da ke cikin mutum, sai ta gaza. Dubi kalmar "mind", wadda ake furtawa "maind". Aikin da take yi ita kaɗai, Hausa ta raba shi tsakanin zuciya da hankali da rai da tunani, wani lokaci ma har da shawara. Wanda ya riƙe cewa ma'anarta zuciya ce kawai zai yi ta tuntuɓe. Abin da ya fi amfani shi ne a koyi kalmar tare da waɗanda ta saba tafiya da su, a ɗauke su dunƙule ɗaya, a kuma nemi abin da Bahaushe ke faɗa a irin wannan hali.

Hujjar farko tana bakinmu. Muna cewa an yanke shawara, ba ma cewa an sare shawara ko an datse ta, alhali sara da datsa 'yan uwan yanka ne. Hankali tashi yake yi, rai kuwa ɓaci. Wanda "ya yi zuciya" fushi ya yi, wanda "ya yi hankali" natsuwa ya samu. Babu wanda ya zaunar da mu ya ba mu dalilin wannan haɗi, jin sa muka yi har ya zauna. Turanci ma haka yake. Wani masanin harshe na Jami'ar Landan, J. R. Firth, ya jawo hankalin malamai a 1957 cewa ana gane ma'anar kalma ne daga kalmomin da suka saba kewaye ta, kuma a 2002 maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta fitar da ƙamus guda sukutum na irin waɗannan haɗe-haɗe domin masu koyo. Da ma'anar kalma ɗaya ɗaya ta wadatar, da ba a sha wannan wahala ba.

Mu fara da maganar shawara, domin ita ake bukata kullum a kasuwa da banki da asibiti. Idan aka ce maka "make up your mind", ana nufin ka yanke shawara, ka daina wasiwasi. In ka warware ta kalma kalma, abin da zai fito shi ne "yi sama zuciyarka", wanda ba magana ba ce. Idan ka fasa abin da ka yi niyya, sai ka ce "I have changed my mind", wato na canza shawara. Wanda har yanzu yake rabe tsakanin abu biyu yana cewa "I am in two minds". Sai ɓangaren tunawa da mantuwa: "keep it in mind" ko "bear it in mind" na nufin riƙe shi a ranka, "it crossed my mind" na nufin ya faɗo mini a rai, "it slipped my mind" kuma ita ce na sha'afa. Wannan ta ƙarshe ta fi "I forgot" laushi idan kana ba mai gidanka haƙuri, kamar yadda sha'afa ta fi mantuwa sauƙin ji a wurinmu.

Ƙananan kalmomin da ke gaban "mind" su ne suka fi yaudara. Abin da yake "on my mind" shi ne abin da ya tsaya mini a rai yana damuna. Abin da nake da shi "in mind" shi ne wanda nake nufi ko nake shirin yi. Mutumin da aka ce yana "out of his mind" kuwa ana nufin ya zautu, saboda haka ba a faɗa wa babba. Akwai kuma wasu biyu masu rikita kunne, don furucin "peace" da "piece" ɗaya ne: "peace of mind" kwanciyar hankali ce, amma wanda ya ce zai ba ka "a piece of my mind" wanke ka zai yi tas.

Wani zai ce wannan hadda ce kurum, kuma babba mai iyali ba shi da lokacin haddace jimloli, gara a koya masa nahawu ya riƙa gina nasa. Akwai gaskiya a ciki, domin nahawu ne zai nuna maka cewa "my" tana komawa "his" ko "her" idan mai shawarar ya sauya, "change" kuma ta koma "changed" idan abin ya wuce. Sai dai babu dokar nahawun da za ta gaya maka cewa Bature yana "canza" zuciyarsa ne ba "juya" ta ba. Wannan sai an ji. Kuma yawansu bai kai yadda ake tsoro ba: waɗanda ake ji yau da kullum ba su fi ƙarfin shafi ɗaya na littafin rubutu ba.

Wani kuma zai ce ai ko an karya Turancin za a gane. Sau da yawa haka ne, amma akwai inda kuskuren ke juya magana baya. "Mind" takan zama aikatau mai ma'anar damuwa da abu. Idan ma'aikaciyar jinya ta ce "Do you mind if I open the window?", tambayarta ita ce ko zai dame ka in ta buɗe taga. In ka yarda, amsar ita ce "No, I don't mind". Wanda ya ce "yes" don nuna ladabi ya hana ta ke nan bai sani ba. Haka "Would you mind waiting?" roƙo ne cikin girmamawa cewa ka ɗan jira. Tana kuma zuwa da ma'anar yi hattara: a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan ana shelar "mind the gap" don fasinja ya kula da ramin da ke tsakanin jirgi da dakali, "mind your head" kuma gargaɗi ne kada ka buga kai a ƙofa. "Never mind" ita ce ba komai, "mind your own business" kuwa ita ce ina ruwanka, kuma da zafinta take zuwa.

Saura masu cewa Turancin Najeriya ya ishe mu, ba sai mun kwaikwayi na Ingila ba. Wannan ba ya rushe maganar, domin namu ma a dunƙule yake tafiya. "Don't mind him" da ake ji a tasha da ofis, ma'anarta rabu da shi, kuma duk wanda ya iya ta bai koye ta kalma kalma ba. Hanyar da aka bi aka iya wannan ita za a bi a iya sauran. Ɗalibi ya ware shafi, duk haɗin da ya ji a rediyo ko ya gani a takarda ya rubuta shi cikin cikakkiyar jimla, a gefe ya sa abin da Bahaushe zai ce a wurin, sannan ya ƙara wanda ake faɗa wa, babba ne ko tsara. A aji kuma a zauna bibbiyu, ɗaya ya yi tambaya da "Do you mind", ɗayan ya amsa, sau ɗaya da yarda sau ɗaya da ƙi, har bakin ya saba da cewa "no" a inda zuciya ta amince.