Amsar Tambaya: Wace Bindiga Ta Dace da Farautar Manyan Namun Daji?

Girman naman da za a harba da nisan da ke tsakaninsa da maharbi su ne ma'aunin zaɓen bindigar farauta. Ga irin su barewa da gwanki, mafarauta a ƙasashen waje sun fi dogara da raifil mai cin harsashin .308 Winchester, wanda ya fito a 1952, ko .30-06 na 1906. A hannun gwani dukansu suna kayar da nama daga mita 300. Ɓauna kuwa ba ta jin waɗannan. Ita sai .375 H&H, wanda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912.

A yankin Kadawa na jihar Kano lissafin ya sha bamban. Ruwan madatsar Tiga ya mai da filayen Kura da Bunkure gonakin shinkafa, alkama da tumatir, kuma babu babban nama a wurin, sai gafiya da zomo da tsuntsaye masu ɓarna. Harsashin raifil da ya kuskure yana iya wuce kilomita 3, a filin da ko'ina akwai mai ban ruwa ko makiyayi. Bindigar toka ko mai baki biyu, wadda amfaninta bai wuce kimanin mita 40 ba, ta wadatar.

Dokar makamai ta 1959 ta ɗora lasisin raifil ɗin farauta da mai baki biyu a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, na bindigar toka kuma a hannun Kwamishinan 'yan sandan jiha. Dajin Falgore kuwa gandun gwamnati ne, ba wurin gwada hannu ba.