AIKIN ƊAN AGAJI A BAKIN KOGI

Ina so in yi ɗan bayani a kan wani aiki wanda ba a biyan mai yinsa ko anini, amma sau da yawa rai yakan rataya a kansa. Wannan aiki kuwa shi ne tsaron wuraren da yara ke wasa masu haɗari, musamman bakin kogi.

Gidanmu yana Nasarawa, kudu da Kogin Kaduna, ba nisa da gaɓa. A dogon hutun shekara biyu da suka wuce, wata ranar Asabar da hantsi, na je wanki, sai wani yaro ɗan shekara tara, abokin ƙanena, ya zurma cikin wani rami da masu ɗiban yashi suka bari a ƙarƙashin ruwa. Bai yi ihu ba, bai ɗaga hannu ba. Wani dattijo mai wanki ne ya lura, ya miƙa gora ya saƙalo rigarsa, aka jawo shi. Nan fa jama'a suka yi caa a kansa. Wannan ya ce a danna cikinsa, wancan ya ce a ɗaga shi ta ƙafafu ruwan ya zube. Ana haka sai wani saurayi ya kutso ya ce, “Don Allah ku ba shi iska!” Ya durƙusa ya hura masa numfashi, ya shiga danna ƙirjinsa, har yaron ya yi tari ya fashe da kuka. Da aka tambaye shi inda ya koyi wannan, sai ya ce a ƙungiyar agaji ta Red Cross.

Ni kuwa ina tsaye da bokiti a hannu, ban san abin da zan yi ba ko guda. Kunyar wannan rana ce ta sa da muka koma makaranta na ba da sunana a ƙungiyar agaji.

Malamin da ke kula da ƙungiyarmu ya ba mu wani labari da ya zauna mini a rai. A ƙasashen sanyi kamar Amurka, mutane sukan hau tsaunuka su yi wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. A shekarar 1936 wani mutum mai suna Charles Minot Dole ya faɗi a kan wani tsauni ya karya idon sawu, ba mai agaji a kusa, sai abokansa ne suka jawo shi a kan fallen kwano. Ba a daɗe ba ɗaya daga cikin abokan nan ya rasu sanadin irin wannan wasa. Wannan ya sa a 1938 Dole ya kafa ƙungiyar masu sintiri a wuraren zamiya, wadda yawancin 'ya'yanta 'yan sa kai ne. Ko a ɗan ƙaramin tudun ƙauye akan same su da jajayen riguna. Da safe su zaga su duba hanya, da rana su sa ido, da yamma su sake zagawa don kada a bar wani a baya.

To, mu ba mu da dusar ƙanƙara, amma muna da kogi. Kogin Kaduna ya taso daga tsaunukan Jos, ya yi tafiyar kilomita kimanin 550 kafin ya faɗa Kogin Kwara, kuma a watannin Agusta da Satumba, daidai lokacin da muke hutu, yake cika ya batse. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane wajen 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Saboda girman abin, a 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara don faɗakarwa a kansa. Ashe ke nan ayyukan nan uku na masu sintirin tsauni mu ma sun kama mu.

Aiki na farko shi ne duba wuri kafin yara su zo, domin rigakafi ya fi magani. Kogi ba ya kwana yadda ya wuni. Inda jiya ruwa ya tsaya a gwiwa, yau yana iya shanye mutum, ko da ba a yi ruwan sama a gari ba, muddin an yi shi a can sama. Ɗan agaji yakan ɗauki doguwar sanda ya gwada zurfi daga gaɓa, ya tambayi masunta da masu yashi inda suka ga canji, sa'an nan ya kafa alama da jan ƙyalle a wurin da bai kamata a shiga ba.

Aiki na biyu shi ne sa ido. Mutane da yawa suna zaton mai nutsewa yakan yi kururuwa, alhali kuwa bakinsa yana neman iska ne, ba shi da sukunin kira. Alamarsa ita ce a gan shi tsaye cikin ruwa, kansa ya karkata baya, bakinsa yana nutsewa yana fitowa, ba ya gaba ba ya baya. In aka ga haka, a busa usur a kira manya. Doka mafi girma ita ce kada a yi tsalle a bi shi, domin wanda ya firgita yakan ƙanƙame mai cetonsa su tafi tare, a yi biyu babu. A miƙa masa gora, ko a jefa masa igiya da aka ɗaure wa jarka mai murfi wadda ba komai a ciki. Mai miƙa gorar ya kwanta rub da ciki, don kada a fizge shi.

In an fito da shi, a kwantar da shi rigingine, a ɗan ɗaga haɓarsa, a duba ko yana numfashi. Kada a ɓata lokaci wajen danna ciki wai don a fitar da ruwa. Wannan yakan jawo amai ya toshe maƙogwaro. Abin da ya rasa iska ce, ƙwaƙwalwa kuwa takan fara lalacewa bayan kamar minti huɗu zuwa shida ba iska. In ba ya numfashi, a fara hura masa iska ta baki, sa'an nan a danna tsakiyar ƙirji sau 30 da sauri, a hura sau 2, a yi ta maimaitawa, wani kuma ya kira lamba 112 ko ya nemo abin hawa. In ya farfaɗo a kwantar da shi ta gefe, a cire jiƙaƙƙun tufafi a lulluɓe shi, a kai shi asibiti ko da ya ce ya warke. Amma fa karanta wannan bai isa ba, sai an gwada da hannu a gaban wanda ya ƙware.

Aiki na uku shi ne zagayen yamma. Kafin magariba a bi gaɓa, a tabbata ba a bar yaro ko ɗaya ba. In aka ga takalma ko riga ba mai su, kada a tafi sai an san inda mai su yake.

A hutun da ya wuce, ni da abokaina uku mun gwada wannan aiki a mashigin unguwarmu, da izinin iyayenmu da na mai unguwa, dattijon nan mai wanki kuma yana lura da mu. Ba zan ɓoye muku ba, akwai wuya. Rana ta gasa mu, sa'o'inmu suna yi mana ba'a suna kiranmu 'yan sandan kogi, wasu yaran kuma in ka hana su nan sai su koma can. Har hutun ya ƙare ba mu ceto kowa ba, domin ba wanda ya nutse. Na gaya wa dattijon cewa ina ganin zaman banza muka yi. Ya yi dariya ya ce, “Yaro, ranar da ba a yi kuka ba ai ita ce ranar da kuka yi aiki.”

Iyayenmu, mun san kuna hana mu zuwa kogi, kuma don ƙaunarmu kuke yi. Amma gaskiya ita ce yara da yawa suna zuwa a ɓoye, wanda ya je a ɓoye kuwa ba mai sa masa ido. Muna roƙonku ku bar mu mu koyi taimakon farko, ko a Red Cross, wadda doka ta kafa a Nijeriya tun 1960, ko a ƙungiyoyin agaji na masallatai da majami'u. Kowace unguwa ta bakin kogi kuma ta tanadi gora da igiya da jarka a mashiginta, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, ƙungiyarmu tana haɗuwa kowane mako, ƙofa a buɗe take. Yaron nan da aka ceto yanzu ya shiga makarantar sakandare, duk ran da na gan shi da jakarsa nakan tuna da saurayin da ban ma san sunansa ba. Allah ya kiyaye mu da ƙannenmu, amin.